Ruwa ne ya ci gadar, ko mu muka miƙa masa?

A daminar da ta wuce muna cikin motar haya, direba ya kunna rediyo. Mai karanta labarai ya ce mamakon ruwan sama ya karya wata gada, ya raba ƙauyuka da dama da kasuwarsu da asibitinsu. Wani dattijo da ke gidan gaba ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Ruwa ba a yi masa shamaki." Muka amsa da "Allah ya kyauta", aka koma hirar tsadar taki.

Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci, kuma aka yi dace a bakin wata gada muka tsaya. Kafin direba ya gama da jak, na gangara ƙasa don in kama ruwa. Da na ɗaga kai sai na ga rodi a fili, jawur da tsatsa, kankaren da ya rufe shi ya ɓanɓare ya zube. Wata 'yar ceɗiya ta tsiro daga tsagar da ke saman ginshiƙi, kaurinta ya kai damtsena. Gindin wani ginshiƙin kuma ruwa ya rarake shi, har yaro zai iya shiga ya ɓuya. Can gaba kaɗan tifa biyu na lodin yashi.

Na hawo na ce wa dattijon, "Baba, da ka leƙa ƙarƙashin nan, da ba ka yarda mun bi ta kai ba." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai shi ya sa ba a leƙawa."

Tun ranar, in na ji an ce "ruwa ya ci gada" sai raina ya ɓaci. Ra'ayina shi ne, yawancin gadojin da ke karyewa a wurinmu ba ruwan dare ɗaya ke kayar da su ba. Shekaru ake ɗauka ana kayar da su da sakaci, ruwa ya zo ya ƙarasa aikin, kuma shi kaɗai ake ambata a labarai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da mai gidan ƙasa ya sani

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin bazara. Maigida zai hau soro ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a sa makuba, a share indararo. Ba wanda ke jira sai azara ta karye. In ɗakin wani ya rufta a watan Agusta maƙwabta za su je jaje, amma a bayan idonsa cewa za su yi wane bai yi yaɓe ba bana. Ba sa ɗora wa hadari laifi, domin ruwan da ya sauka a kan ɗakinsa shi ya sauka a kan nasu.

Gada ma tana da nata indararon, ƙananan ramukan nan na gefen titi da ke zubar da ruwa ƙasa. In yashi da leda suka toshe su, ruwa ya kwanta, yana tsatsafawa cikin kankare har ya kai ga rodi. Rodi kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren daga ciki, tsagar ta ƙara buɗe wa ruwa hanya.

Tana da mahaɗa, ratar nan da mota ke yin ƙara in ta taka. Da gangan aka bar ta, saboda gada na miƙewa da zafin rana tana tsukewa da sanyi. In tsakuwa ta cike ratar, gadar ba ta da wurin motsi, sai ta riƙa tunkuɗar kanta. Akwai kuma matasai na roba da ƙarfe tsakanin ginshiƙi da jikin gadar, su ma tsufa suke yi, ana canza su.

Babban abokin gaba kuwa zaizaya ce. Ruwa mai gudu in ya bugi ginshiƙi juyawa yake yi, yana kwashe yashin gindinsa kaɗan-kaɗan, kowace damina ramin na ƙara zurfi. Daga sama kwalta lafiya lau, direba ba ya jin komai. Ranar da harsashi ya rasa abin takawa, ranar ce rediyo zai ce ruwa ya ci gada.

Duk waɗannan ana gano su da ido ko da awo, kuma in an tare su da wuri maganinsu ba tsada: shebur, tsintsiya, fenti, da jibga duwatsu cikin ragar waya a gindin ginshiƙi.

Kada a ɗauka raha nake yi da zancen indararo. Ranar 28 ga Janairun 2022 gadar Fern Hollow ta birnin Pittsburgh a Amurka ta rufta da sassafe, da motar bas da wasu ƙananan motoci a kanta. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Abin ban dariya, a ranar ce aka shirya shugaba Joe Biden zai je birnin ya yi jawabi kan gyaran hanyoyi da gadoji. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta gano cewa magudanan ruwan gadar sun toshe, ruwa da datti suka riƙa taruwa a ƙafafunta na ƙarfe har tsatsa ta huda su. Masu duba gadar sun sha rubutawa a gyara, shekara bayan shekara, hukumar birnin ba ta yi ba. Wato a ƙasar da ta je wata, rashin share indararo ya kayar da gada.

"Ai ƙaddara ce"

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma wanda kwanansa ya ƙare a kan gada ba zai wuce ba. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Malamanmu kuma kullum suna kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa da alfadari zai yi tuntuɓe a Iraƙi, yana tsoron Allah ya tambaye shi don me bai gyara masa hanya ba. Alfadari ke nan, ba mota mai ɗauke da mutum goma sha takwas ba.

Kuma ku lura, a kan kayanmu ba ma yin wannan tawakkalin. Mai shago kwaɗo biyu yake sawa. Mai adaidaita sahu ba ya bari lokacin juye ya wuce. Sai an zo kan kayan gwamnati kowa ya zama sufi.

Masu mulki sun fi kowa son wannan kalma, saboda rufe magana take yi. Ruwa ba ya zuwa kotu, ba a kiransa gaban majalisa ya amsa tambaya. Sai a je jaje da buhunan shinkafa da katifu, a ɗauki hoto, a dawo.

"Ruwan yanzu ba irin na da ba ne"

Wannan hujja tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Mun ga ambaliyar 2012, mun ga ta 2022, mun ga ta 2024 da ta shanye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau. A daminar 2024 ɗin ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na wasu kwanaki. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta kashe mutum fiye da 150, ta tafi da gidaje da hanya da gada. Akwai ruwan da ko an yi wa gada hidimar duniya zai iya kayar da ita, musamman wadda aka auna ta da ruwan shekara hamsin da suka wuce.

Sai dai wannan hujjar kanmu take juyowa. In ruwa ya ƙaru, ai dubawa ce ya kamata ta ƙaru. Duk shekara, tun kafin damina, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, da ta lura da ruwan koguna, NIHSA, suna fitar da hasashe, har da jihohi da ƙananan hukumomin da ake tsoron ambaliya. Mai gidan ƙasa in aka ce masa bana ruwa zai yi yawa, yaɓensa yake ninkawa. Mu kuwa sai mu karanta hasashen a rediyo, mu jira.

Dubi hanyar Jebba zuwa Mokwa. Ta nan shanu da albasa da tumatir da wake ke gangarawa ƙasar Yarabawa, ta nan mai da kayan kanti ke hawowa. A watan Yunin 2017 gadar Tatabu da ke kan hanyar ta karye bayan ruwa, tireloli suka yi cirko-cirko, har Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya je wurin da kansa. A Taraba gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye a daminar 2024, matafiya suka koma fito da jirgin ruwa wata da watanni.

A irin wannan lokaci bayani ɗaya ake ba mu: ruwa. Ni kuwa tambayoyin da nake so ɗan jarida ya riƙe wa minista ko kwamishina su ne: yaushe aka duba wannan gada na ƙarshe? Wa ya duba? Me ya rubuta? A teburin wa takardar ta kwana? In amsar ta nuna an yi komai ruwa ya fi ƙarfi, sai mu yi shiru mu ce Allah ya kyauta da zuciya ɗaya.

"Ai har a Turai gada na faɗuwa"

Ƙwarai kuwa. Kuma ba kowace faɗuwa ce sakacin kulawa ba, wannan na yarda. Gadar Baltimore a Amurka jirgin ruwan dakon kaya ne ya bangaje ta a watan Maris na 2024, ta kashe lebura shida da ke cike ramukan titi a kanta cikin dare. Ta Minneapolis da ta kashe mutum 13 a 2007 tun daga zane aka yi kuskure, aka sa farantan ƙarfen da ba su kai kaurin da ya kamata ba. Amma mai kawo misalin Turai don ya wanke mu, ya tsaya ya ji labarin Genoa.

Ranar 14 ga Agustan 2018, gab da tsakar rana, ana tafka ruwa a birnin Genoa na Italiya, wani yanki mai tsawon kusan mita 200 na gadar Morandi ya rufto da motocin da ke kansa. Mutum 43 suka mutu. Su ma da farko zancen ruwa aka yi, wasu har suka ce tsawa ce ta faɗa mata.

An buɗe gadar a 1967, abin alfahari ce a lokacin. Injiniyan da ya zana ta, Riccardo Morandi, ya rataye ta da igiyoyin ƙarfe, ya lulluɓe igiyoyin da kankare don ya kare su daga tsatsa. Dabarar ta juye masa: lulluɓin bai hana danshi shiga ba, sai dai ya hana ido ganin ɓarnar. Shi da kansa ya rubuta a 1979 cewa iskar teku mai gishiri da hayaƙin masana'antu suna cin gadar, dole a riƙa kula da ita ba fashi. A farkon shekarun 1990 aka ga tsatsa ta yi yawa a igiyoyin ginshiƙi na 11, aka ƙarfafa su. Ginshiƙi na 9 irin gininsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, iska ɗaya suke sha, amma aka bar shi kusan shekara ashirin da biyar. An tsara fara aikinsa a ƙarshen 2018. Shi ne ya faɗi, saura 'yan watanni.

Ƙwararrun da kotu ta naɗa sun ce tsatsar igiyoyin ce da gazawar dubawa da gyara. Kuma gadar ba ta marayu ba ce: kamfanin Autostrade per l'Italia ne ke riƙe da ita, yana karɓar kuɗin wucewa a kan hanyar. Kenan ba rashin kuɗi ba ne, ba rashin ilimi ba ne, ba kuma rashin gargaɗi ba. "Bari sai baɗi" ce ta kashe mutum 43.

Inda suka bambanta da mu shi ne abin da ya biyo baya. A 2022 aka gurfanar da mutum 59 a gaban kotu, har da manyan kamfanin da jami'an ma'aikatar gwamnati. Sabuwar gadar da aka buɗe a Agustan 2020 an sa mata na'urori masu auna motsinta dare da rana. A nan fa? Wa ya taɓa jin an tsayar da darakta a gaban alƙali saboda gada ta karye?

Gyaran gangar Auzinawa

Wani zai ce ai ana gyara, kullum muna ganin allon ɗan kwangila. To, akwai gyaran da gara ba a yi ba.

A garin Morbi na jihar Gujarat a Indiya akwai wata tsohuwar gadar ƙafa mai rataye da igiya, tun ta ƙarni na 19. Aka rufe ta wata bakwai don gyara, aka ba kamfanin Oreva, wanda aka fi sani da ƙera agogon bango. Aka canza daɓen gadar, ta fito tana ƙyalli, aka buɗe ta ranar 26 ga Oktoban 2022. Kwana huɗu bayan haka igiya ta tsinke da jama'a cike a kai, aƙalla mutum 135 suka mutu, da yawansu yara. Masu bincike suka ce cikin wayoyi 49 da aka murɗa suka zama igiyar, 22 sun riga sun yi tsatsa. An gyara inda ido ke gani, an bar abin da ke ɗauke da rai.

Irin wannan gyaran mun san shi. Babban baƙo zai zo, a shafa wa gefen gada baƙi da fari. Rami ya fito, a malala sabuwar kwalta a kan tsohuwa, a rufe mahaɗa da magudana gaba ɗaya, a ƙara wa gadar nauyin da ba a lissafa da shi ba. Mai wucewa ya ce gwamnati na aiki.

Tireloli da rashin kuɗi

Masu cewa lodi ne ke karya gada suna da gaskiya rabi. Kayan da a da jirgin ƙasa ke ɗauka daga Legas zuwa Kano, yau a kan taya suke: siminti, mai, hatsi, rodi. Wasu masu motar har ƙara wa bodi tsawo suke yi. Amma hana lodin wuce ƙa'ida ai yana cikin kula da gada. Ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, suna da doka mai lamba 14 tun 2005 kan nauyin da kowace mota za ta ɗauka. Doka a takarda ba ta auna tirela, sikeli ne ke aunawa, da ma'aikacin da ba zai karɓi na goro ya ɗaga hannu ba.

Batun "babu kuɗi" shi ya fi ba ni haushi. An kafa hukumar FERMA a Najeriya a 2002 musamman don kula da hanyoyin tarayya. A 2007 aka gyara dokarta, aka ce a riƙa cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da dizal don gyaran hanya, kuma 'yan majalisa sun sha kokawa cewa kuɗin ba sa isa inda aka nufa. Amma a lokaci guda, je ka babban birnin jiha ka ƙirga gadojin sama. Sabuwar gada ana sa mata sunan mutum, a kira makaɗa, a yanke ƙyalle da almakashi, ta shiga fastar zaɓe. Canza matashin roba a ƙarƙashin gadar ƙauye ba ya shiga fasta. Ba gwamnan da aka taɓa yi wa waƙa don ya share magudana.

Kuma in gadar ta faɗi, kuɗin da aka ce babu sai su fito cikin mako guda, ninkin-ba-ninkin, da sunan aikin gaggawa. Ban ce da gangan ake bari ba. Na dai ce wanda ke cin riba a faɗuwar gada ya fi wanda ke ci a tsayuwarta yawa, kuma wannan ya isa mutum ya yi tunani.

Namu laifin

Ba zan wanke talaka ba. Tifofin da na gani a gindin gadar nan ba na gwamnati ba ne, yashin ginin gidajenmu suke ɗiba, kuma kowane shebur taimakon zaizaya yake yi. Ko a Legas ministan ayyuka David Umahi ya koka cewa haƙar yashi ta taɓa ginshiƙan gadar Third Mainland da ta Carter a ƙarƙashin ruwa. 'Yan jari bola na kwance ƙarafan gefen gada su kai sikeli, wanda ya saya kuma ya san daga ina suka fito. Kwalbatin unguwa mun mai da ita juji. Ƙarƙashin gadar sama mun mai da shi kasuwa, da janareto da murhu, alhali wuta na gasa kankare ta raunana rodi. Gobarar kasuwar Apongbon ta Legas a Maris na 2022 ita ta sa aka rufe wani ɓangare na gadar Eko fiye da shekara guda.

Duk da haka nauyin ba ɗaya ba ne. Mai tifa yashi ya sani, bai san zurfin harsashi ba. Wanda ake biya albashi don ya sani, ya kafa allo ya hana, shi ne bai zo ba.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Amurkawa sai da gadar Silver ta faɗa kogin Ohio a Disambar 1967 ta kashe mutum 46, saboda wata 'yar tsaga a ƙarfe guda, sannan suka kafa ƙa'idar duba gadoji a kalla duk shekara biyu. Mu ma a yi haka, a ƙara da abu ɗaya: a kafa ƙaramin allo a bakin kowace gada, a rubuta ranar da aka duba ta na ƙarshe, da ofishin da ya duba, da nauyin da za ta iya ɗauka. Ƙwayar maganin ciwon kai ma ana rubuta mata ranar lalacewa. In allon ya nuna shekara shida ba a zo ba, hakimi ya gani, shugaban direbobi ya gani, ɗan majalisar yankin ya rasa inda zai ɓuya.

Watan jiya na sake bin hanyar nan. Na roƙi direba ya ɗan tsaya, ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce minti biyu kawai. An shafa wa gefen gadar sabon fenti, baƙi da fari, har yana ɗaukar ido. Na gangara. Ceɗiyar tana nan, ta yi reshe uku, wani makiyayi ma ya rataya gorarsa a jiki.